Awon Ya Fanna Mai Humra

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 2006, cikin watan Safar, Allah ya yi wa Hajiya Fanna, matar Ba Madu na unguwar Bulabulin a Nguru, rasuwa. Duk mai hanci a Nguru da Gashuwa ya san ta da Ya Fanna mai humra. Jiri ne ya kwashe ta a bakin murhu, kafin a kai ta asibiti mai abu ya karɓi abinsa. An yi mata sutura bayan azahar.

Ina Gashuwa labarin ya same ni, ta wayar maƙwabcinmu. 'Yata ta fari, Shuhada, ita ce ta kira, muryarta a dushe. Abin da ta iya faɗa ke nan: "Yaya, Inna ta rasu." Ni ce Yaya. Ke ce Inna, Fanna. Ni na yi naƙudar yarinyar nan, amma ko a ranar da kika bar duniya sunan bai dawo wurina ba. Na yi salati, na yi kuka har mayafina ya jiƙe, kuma ba zan ɓoye miki ba, a ƙarƙashin kukan nan kishina yana zaune inda ya saba zama.

An ce a ambaci mamaci da alherinsa. Da shi zan ambace ki, don ba ki bar mini wani abu ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina laluben aibinki kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ban samu abin riƙewa ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake jin haushinki a kai.

Amarya aka kawo ni Nguru daga Haɗeja, gidan Alhaji Sabitu mai shagon yadi. Katanga ɗaya ce tsakanina da ke. Kafin in ga fuskarki na san ƙanshinki, don kullum la'asar hayaƙin turarenki sai ya tsallako ya shige kayan shanyata. Da kika shigo yi mini barka da zuwa, kika ajiye mini 'yar kwalbar humra, kika ce amaryar da ba ta da humra ai baƙuwa ce kawai a gidan miji. Ranar na fara sanin wannan turaren ruwa mai kauri da matan Barno ke haɗawa da hannunsu. Ranar kuma na fara jin cewa akwai macen da ta fi ni wani abu, ni da aka yi ta kurantawa a gidanmu.

Da na haihu, mace, aka sa mata sunan mahaifiyar maigidana. Kunya biyu ta haɗu ke nan, ta 'yar fari da ta suruka. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai uwa ta kau da kai har wata ta ɗauka. Haka kakata ta yi, haka mahaifiyata ta yi, ni ma ban ga dalilin da zan zama ta farkon da za a yi da ita a dangi ba. Ke kuwa ba ruwanki. Kika ɗaga jaririyar sama kika ce, "Ku Afuno kuna da abin mamaki. Allah ya ba mutum abu kamar wannan ya ce kunyarsa yake ji? To ni ba na jin kunya, miƙo ta." Afuno, haka kuke kiran mu Hausawa. Ke kika laƙaba mata Shuhada, ke kika yaye ta, a bayanki ta yi wayo. Kina ce mata feroni, wato 'yata da yarenku. Ta ji ƙannena masu zuwa hutu suna ce mini Yaya, ta ɗauka. Ni a lokacin daɗi ma nake ji, an ɗauke mini nauyi, ana yabon kawaicina. Ta tsagar katanga nake leƙenta tana dariya a cinyarki.

Sana'arki kuwa awo ce gaba ɗayanta. Kayan humra ba ɓoyayyu ba ne, kowa na iya sayensu: farce, wato ɓawon wata halittar ruwa mai kama da farcen mutum, sandal, kanumfari, miski, da madarar turare iri-iri da fataken Kano ke kawowa. Wuyar tana wajen nawa za a zuba. Ma'auni uku gare ki. Akwai tola, 'yar kwalbar nan da ba ta wuce babban yatsa ba, da ita ake sayen madara, a raba ta rabi ko kwata. Akwai finjalin gahawa mai zanen shuɗi da kika gada wurin mahaifiyarki 'yar Machina, da shi kike zuba duk abu mai kauri. Sai kwalbar lemo ta awon ruwan turaren da ake sirkawa da shi. Ita kwalbar kin ce kamar mutum take, tana da kafaɗa, tana da wuya, tana da baki, kuma duk wanda ya ce miki "kwalba ɗaya" bai faɗi komai ba sai ya faɗi inda ta tsaya.

Da sanyi man sandal yakan yi nauyi ya manne a finjali, sai ki dumtse finjalin a tafin hannu har ya ɗumama kafin ki juye. Da bazara, lokacin da Nguru ke tafasa, yakan tsinke, sai ki ɗan rage masa, kin ce zafi ma yana zuba nasa kason. In an zo saye, sauran mata a kafaɗa suke tsayawa, masu tsoron Allah su kai wuya. Ke har baki, sai an dangwala da yatsa kafin murfi ya rufu. Kwalbar da gindinta ya lotsa ciki, mai nuna cika alhali ba ta ci komai ba, ba ta kwana a gidanki. Na sha gaya miki cewa da wannan hannun ba za ki taɓa gina bene ba. Kika ce ai ba ki iya hawa ba, gwiwa gare ki.

A wahalar kananzir ta 1994, Ba Madu ya samo galan guda ta hannun abokan aikinsa na tashar jirgin ƙasa. Da wata ce da ƙarƙashin gado ya ji shi. Ke kika zauna ƙofar ɗaki da mazurari, kowane gida a layinmu gwangwanin madara guda. Da galan ya yi ƙasa kika koma gwangwanin tumatir, da ya ƙara yin ƙasa kika koma murfin galan ɗin, don dai kada wata ta koma da busasshiyar fitila. Ni kika fara zuba wa. Ina riƙe da nawa, idona yana kan gwangwanin Suwaibatu ta ƙarshen layi, ina aunawa ko nata ya fi nawa cika. Bai fi ba. Na so ya fi, in samu abin faɗa.

Ban manta da matar nan 'yar Dagona ba, matar masunci, da ta zo miki da kwandon banda a ka. Za a kawo 'yarta aure Nguru, dangin miji sun fara habaici wai amarya za ta cika musu gida da ƙarnin kifi. Matar ta tsuguna ta ce ko cikin murfi ne a taimaka mata, kifin nan shi ke gare ta. Kika karɓi kwandon don kada ta ji kunya, kika ce ta aiko miki da yarinyar. Kika riƙe ta a ɗakinki kina turara ta har ranar kai amarya, kika sallame ta da kwalba guda har baki. Waɗanda suka yi habaicin su suka riƙa bin ta suna tambayar wa ya haɗa mata. Kifin kuwa rabinsa gidana kika aiko. Na ci, ya yi daɗi, ina ci ina tunanin cewa ni da nake bayan katangarki ba a taɓa turara ni haka ba.

Da na ce ina son koyon sana'ar, ba ki hana ni ba. Kin koya mini wankin farce har ƙarninsa ya fita, kin koya mini suyarsa, da dakan sandal, da yadda ake turara garin a rufe har ya sha hayaƙi. Amma da an zo wajen zuba ruwa, sai ki sallami kowa ki saki labule. Wata rana na gaji na tambaye ki kai tsaye. Kika kama hannuna kika ce, "Saudatu, zanin jikina ma in kina so ki ɗauka. Awo kuwa ba nawa ba ne. A gidanmu uwa ke ba 'yarta, ba a ba ƙawa." Ke kuwa maza Allah ya ba ki, Mahfuz da Kalli. Na ce to ashe da ke za a binne shi. Kika yi dariya kika ce Allah na nan. Na koma gida raina a ɓace, amma da wata 'yar sanyayar zuciya: in ban samu ba, ai ba wadda za ta samu.

Ban zauna ba dai. In kin saki labule sai in rakuɓe a gefe kamar mai tsinkar zogale, kunnena na ciki. Duk lokacin da finjali ya taɓa bakin tasa yakan yi ɗan ƙara, kwalba kuma tana da nata kukan in ana tuttule ta. Da kunne na haɗa lissafina, na riƙe shi a ka. Na sa Alhaji ya nemo mini finjali irin naki sak a Kano, har zanen shuɗin.

A 1997 Alhaji ya mai da shagonsa Gashuwa, muka tashi. Aka ce a bar Shuhada wurinki ta ƙarasa makaranta. Ta ƙarasa firamare aka ce ta ƙarasa sakandare, daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ni ko ina da bakin cewa a dawo mini da ita? Sai a ce Saudatu ta zubar da kunya, tana neman 'yar fari da bakinta. Takan zo mini hutu, ta gaishe ni a tsugune, ta yi mini wanke-wanke, ta share gida, ba abin da zan ce ta yi ba daidai ba. Amma hira ba ta haɗa mu. Da hutu ya kusa ƙarewa sai in ga fuskarta ta washe.

A Gashuwa na kafa tawa sana'ar. Humrata tana da kyau, ni na faɗa, kuma ba wadda ta taɓa dawo mini da ita. Sai dai in mace ta shinshina takan ce, "Kai Hajiya, ta yi daɗi, kamar ta Ya Fanna." Wannan "kamar" ɗin ta ci mini tuwo a ƙwarya shekara tara. Masu babban biki kuwa sai su tsallake ƙofata, su hau motar Nguru a kan hanyar nan mai karya ƙugu, su je wurinki. Wata uwar amarya daga Yusufari har cikin ɗakina ta shigo, ta sha ruwana, sannan ta roƙe ni kwatancen gidanki. Na yi mata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda kike turowa da kanki, kina ce musu, "Me ya kawo ku nan, ga ƙanwata a garinku?" Su zo mini da fuskar wanda aka hana nama aka ba shi romo.

Sau ɗaya na kawo miki kwalbar da na fi alfahari da ita. Kika ɗiga a wuyan hannu, kika jira ta huce, kika shinshina ido a rufe. Kika ce, "Ta yi, Saudatu. Sai dai rabin tolar miskin nan da kika ƙara don ki burge ni, ki cire shi." Rabin tola ne cif na ƙara.

Bara ne Musbahu, wani yaron kirki ɗan Gashuwa, ya fito neman auren Shuhada. A garinmu yake, unguwa biyu ce tsakaninmu, amma iyayensa mata Nguru suka fara zuwa gaishe ki kafin su tako gidana, don an gaya musu can uwar take. Aka sa biki bayan Mauludin bana. A nan ne na ce wannan karon ba zan yi kawaici ba. Ban goya ta a gaban mutane ba, ban yi mata kitso ba, ban kai ta makaranta ba, to humrar da za ta shiga ɗakin mijinta da ita dai hannuna ne zai haɗa. Abu ɗaya ke nan da na nema. Na zo Nguru takanas na gaya miki. Kika buɗe ido kika ce, "Feroni ta shiga ɗaki da humrar wata?" Wata. Ni ce watan. Kika ga fuskata ta canza, kika shiga ba ni haƙuri kina cewa bakinki ne ya kuɓuce, kika cika mini jaka da kilishi. Amma ba ki janye ba, ni ma kuma na san wadda amarya za ta zaɓa in an tambaye ta. Ganina da ke na ƙarshe ke nan.

Kin wanke farce, kin soya, kin daka sandal, kin fara turara garin. A kan wannan aikin jiri ya kwashe ki. Saura zuba ruwa kawai. Kin ga ko mutuwar ma a kan hidimar 'yata ta same ki, kin tafi da wannan ladan ma.

Wurin zaman makoki Shuhada aka sa a tsakiya. Mata suka yi ta tururuwa daga Machina, daga Dagona, daga Gashuwa, kowace ta durƙusa gabanta ta yi mata gaisuwa. Ni ina gefe kusa da randa. In wata ta gane ni sai ta ce, "Hajiya Saudatu, sannu, ki riƙa ba ta haƙuri." Ba wadda ta tuna cewa ni ma na yi rashin ƙawar shekara ashirin, ko da yake ni kaina ban san a wane layi zan zauna ba.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, wani tunani ya zo mini, Allah ya gafarta mini. Humra tana son ta kwanta ta nuna kafin biki, lokaci yana tafiya, garin yana nan a rufe a ɗakinki, kuma duk faɗin ƙasar nan ba wadda ta san hannunki kamar ni. Na ce ashe rabona ne ya tsaya. Na wanke hannu, na ɗaure zani, na shiga ɗakinki da hantsi. Na buɗe tasar, na jera toloji da kwalabe, na miƙa hannu zan ɗauki finjalin nan da ban taɓa taɓawa ba.

Sai ga Shuhada ta shigo. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, ki bari, zan zuba."

Na ce, "Ke kin san awon ne?"

Ta ce, "Inna ta ba ni. Tun shekarar da kuka koma Gashuwa."

Fanna, tun shekarar da muka koma. Wato duk hutun da yarinyar nan ta zo gidana, tana tsaye tana miƙo mini kwalba, tana kallona ina fama da lissafin da na tsinta a bayan labule, abin yana cikin kanta ba ta ce uffan ba. Kin ce ba a ba ƙawa, 'ya ake ba. Ashe ba wasa kike ba da kike ce mata feroni. Na ja da baya na zauna bakin gadonki, na ce, "To, zuba in gani."

Ba ta motsa ba. Hawaye ya ɗiga a kan tabarma. Ta ce, "Yaya, ki gafarce ni, sai kin fita. Inna ta ce abin kamar ruwa yake, gangarowa yake yi, ba ya hawa sama. In Allah ya ba ni 'ya mace, ita zan ba."

Na fita. Ta saki labule a bayana. Na zauna a kan turmin da ke kife a tsakar gida, na ce ba zan saurara ba, amma kunne ba shi da murfi. Na ji ƙarar finjali a bakin tasa, na ji kukan kwalba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Lissafina ne sak, wanda na riƙe duk shekarun nan, ba ƙari ba ragi. Amma ƙanshin da ya biyo ta ƙarƙashin labulen ba nawa ba ne. Naki ne. Ba Madu yana zaure da carbi a hannu, na hango shi ya ɗago kai, ya waiwayo wajen ɗakinki, sannan ya ja hannun riga ya rufe fuskarsa.

Da ta gama ta fito da ɗan ɗigo a yatsa. Ta kamo hannuna, ta juya shi, ta shafa mini a wuyan hannu, ta tsaya tana jiran abin da zan ce. Rabon da fatarta ta taɓa tawa tun tana shan nono. Na so in ji daɗin abin tsantsa, amma yadda ta juya hannun nan, da yadda ta karkata kai tana jira, duk naki ne. Ko taɓa ni ma ke kika koya mata. Na shinshina na ce, "Ta yi."

To ga inda muka tsaya, ƙawata. Amarya ta haɗa humrar aurenta da hannunta, hannuna bai shiga ba, kuma ba zai ƙara samun wata damar ba. In Allah ya ba ta 'ya mace, jikata ce, jinina ce, za ta girma ta saki labule a fuskata da awonki a kanta. Ni na haifa, ke kika samu magajiya. Ina kishinki, Fanna, ina kishinki kina kwance a ƙasa kamar yadda na yi kina bayan katanga. Kuma na san da ba ki miƙo hannu ranar nan ba, da yarinyar nan ta tashi ba ta san ɗumin cinya ba, don ni ba zan ba ta ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba wadda ta kori ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki ya haskaka shi. Allah ya sa fitilun da kika kunna wa mutane, da amaren da kika rufa wa asiri, da 'yar da kika raina ba ki haifa ba, su tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani. Allah ya nauyaya mizaninki, ya sada ki da Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ni kuma Allah ya yaye mini abin da ke cina, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Ba Madu, da Mahfuz da Kalli da iyalansu, da danginki na Machina, da matan Bulabulin baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri da dangana.

Saura mutum ɗaya, wadda ta fi kowa rashi. Duk wanda ya taka gidan nan ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ni kaɗai ce ban yi ba, bakina ya ƙi. To ga ta a rubuce, tunda takarda ba ta jin kunya. Shuhada, ya haƙuri? Allah ya ba ki juriyar rashin uwa. Amin.

Saudatu Sabitu, Gashuwa.